Na shiga kwazazzabon Wadi Mujib a Jodan, ga sharhina kan hanyar Siq

Ni dai ziyara ce ta kaini Jodan, na je Mazar kusa da Karak inda kaburburan shahidan Mu'uta suke, su Sayyidina Ja'afar bn Abi Ɗalib da Zaidu bn Harisa da Abdullahi bn Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda, na kuma leƙa kogon da ke gefen Amman wanda mutanen can ke cewa shine na Ashabul Kahfi. Saura kwana biyu in taso abokina ɗan Maraɗi da ke karatu a can, wanda a ɗakinsa na sauka, yace mutumina wallahi bazaka bar ƙasar nan ba sai ka shiga Mujib. Tambaya ɗaya ya min, ka iya ruwa? Nace ai a bakin kogin Haɗeja na tashi. Yace shikenan gobe da asuba.

Wajen yana bakin Bahrul Mayyit ne, tekun gishirin nan, kusan kilomita 90 kudu da Amman, kuma tun a hanya zakaji kunnenka na toshewa dan gangara kawai ake ta yi har sai an wuce mita 400 ƙasa da doron teku. Gandun daji ne da aka keɓe tun 1987, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 212, ƙungiyar kare muhalli ta masarautar wato RSCN ke kula dashi, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na keɓaɓɓun wuraren kare muhalli a 2011. Ana masa kirari da gandun dajin da yafi kowanne zama ƙasa-ƙasa a duniya. Amma kar kaji gandun daji ka zata irin Yankari ne da bishiyoyi da giwaye, a'a, duwatsu ne tsirara jajaye, sama can tana kai mita 900 bisa doron teku, sai kogin Mujib ya tsaga tsakiyarsu ya fito ya nufi teku. Wannan tsagin shi ake shiga, su suna ce masa Siq.

Motar haya muka ɗauka shata dan babu wata bas da zaka dogara da ita a wannan titin. Anan na fara cin karo da abinda bai min daɗi ba, direban da muka yi ciniki dashi zuwa da dawowa har da jira, muna isa ya canza baki wai kuɗin jira daban ne. Abokina ya iya Larabcinsu na kasuwa sosai, shi ya tsaya masa har aka daidaita. In zaka je, a gama magana tun a Amman, zuwa nawa, jira awa nawa, dawowa nawa, kuma kar ka bada kuɗin duka sai an dawo da kai.

Ofishin shiga yana gefen gadar da ke kan babban titi, mun isa da sassafe ana buɗewa. Gaskiya ma'aikatan sun burgeni, babu jan rai babu neman na goro. Na biya dinari 20 da ɗoriya a matsayin baƙo, shi abokina da yake yana da takardar zama an rage masa. Katin Jordan Pass da na siya na shiga wuraren tarihi irin su Petra bai yi aiki anan ba, kuɗin nan daban ne, a san da wannan. Sai aka bamu takarda muka sa hannu, sharuɗɗan a fili suke, sai ka kai shekara 18, sai ka iya ninƙaya, sai kana da lafiyar jiki. A gabanmu aka mayar da wani mutum da yazo da yaronsa da bai kai ba, ya roƙa ya roƙa suka ƙi, yaron har da hawaye. A lokacin naji tausayi har na ɗan ga kamar sun tsaurara, amma bayan awa ɗaya ina cikin ruwan nan sai nace wallahi sun kyauta, da ɗana ne ni da kaina zan hanashi.

Kowa an bashi rigar ruwa, dole ne, kuma wani ma'aikaci ya zo ya ja maɗaurin tawa ya ƙara tamke ta yace in tayi sako-sako ruwa zai tura ta har wuya. Akwai wajen canza kaya da bayi. Daga nan sai ka bi wata 'yar hanya ta ƙarfe ka sauka tsani, ƙafarka ta taɓa ruwa.

Farkon tafiyar zai yaudare ka. Ruwan iya idon sawu ne, garai-garai kana ganin tsakuwa, ba sanyi can ba, wajen da faɗi rana na dukan ka. Ƙananan kifaye suna zuwa suna ɗan tsattsagar ƙafa in ka tsaya, babu zafi sai kaman cakulkuli. Kana tafe kana hira. To bayan lanƙwasa ɗaya ko biyu sai bangon dutsen ya fara matsowa ta dama da hagu, yana ƙara tsawo, har sama ta koma wani siririn zare can ƙololuwa, zafin nan na bakin teku ya ɓace ɗif, iska ta koma mai danshi. Dutsen irin mai yashi-yashi ne, layi-layi, ja da ruwan ƙasa da wani ruwan hoda-hoda, ruwa ya goge shi sumul kamar cikin tsohon turmi. Akwai wani gurbi da hasken rana ya faɗo ta tsagin ya sauka kan ruwan, sai ruwan ya mayar da shi jikin bango yana rawa, na tsaya nafi minti biyar ina kallo, bakina ba abinda yake fita sai Subhanallah. Ruwan da ke wanke min ƙafa shine ya yanka wannan dutsen duka, a hankali a hankali, shekaru da Allah kaɗai ya san adadinsu. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba, kuma ba tsoro bane, wata irin natsuwa ce.

Daga nan hira ta ƙare dan ƙarar ruwa bata barin ka ji na kusa da kai. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, wani wajen ƙafa bata taɓa ƙasa sam sai ka kama igiyar da aka ɗaure a jikin bango kana jan kanka. Kuma fa gaba da ruwan kake yi, shi yana gangarowa kai kana hawa. Ni da na taso ina ninƙaya nasan ƙarfin kogi da damina, amma wannan daban ne, kogi yana da faɗi yana baka wajen kaucewa, shi wannan an matse shi a lungu ne duk ƙarfinsa a waje ɗaya yake fita. Ruwa ba sa'an kwando bane, anan na ƙara yarda.

Wajen da yafi tsaya min a rai wani ƙaton dutse ne da ya tare hanya, ruwa na kwararowa ta kansa fari fat, sai an hau ta gefe da igiya da wasu ƙarafa da aka kafa na taka ƙafa. Dutsen santsi, ruwan na dukan fuska baka ko iya buɗe ido sosai. A gabana akwai wata mata Baturiya da zata kai sa'ar babarmu, ta hau rabi ta tsaya cak, hannunta na rawa akan igiya, ba gaba ba baya. Ma'aikacin da ke tsaye a saman dutsen, wani saurayi siriri, bai daka mata tsawa ba bai kuma fizgo ta ba, durƙusawa yayi yana nuna mata da yatsa inda zata sa ƙafar hagu, sannan ta dama, yana cewa shwayya shwayya, wato a hankali, har ta iso ya kama maɗaurin rigar ruwanta ya ɗago ta. Da nazo nima ƙafata ta zame a ƙarfe na biyu gwiwata ta bugi dutse, shi ɗin dai ya nuna min in daina rungumar dutsen, in jingina baya in bar nauyina akan igiya, ƙafa ta tura. Ina yin haka sai gani a sama. Wannan yaron ya san aikinsa, kuma tun safe yake tsaye cikin ruwa yana yin haka da mutum ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da na biya a ƙofa ko dan shi kaɗai ya halatta.

Akwai irin waɗannan wurare uku ko huɗu kafin ƙarshe, ban tsaya ƙirga ba. A ɗaya daga ciki ruwa ya tafi da silifas ɗin abokina ƙafa ɗaya, dan shi yace ya saba zuwa ba sai ya sa kambas ba, haka ya ƙarasa da ƙafa ɗaya a tsakuwa tafin ƙafarsa duk ya yayyanke. Dan Allah a sa takalmi mai igiya mai kama ƙasa, tsohon kambas ya isa, wanda baka jin ciwon ya jiƙe.

Ƙarshen hanyar wani babban ruwa ne da ke zubowa daga sama tsakanin bango biyu, ƙararsa har a ƙirji kake jinta. Nan ake tsayawa, babu gaba. Mutane na ratsawa ta gefe su shiga bayan ruwan, nima na shiga, akwai ɗan lungu da zaka tsaya ruwan na zuba a gabanka kamar labule. In ka sa kafaɗa a ƙarƙashinsa kamar ana sauke maka buhun hatsi ne. Mun zauna kan wani dutse ni da abokina ba mai cewa komai, sai can ya matso kunnena yace mutumina ya ka gani, na kasa bashi amsa sai hannunsa na kama.

Dawowa tafi sauri nesa ba kusa ba, ruwa ne ke kai ka. Inda ka sha wahalar hawa, wani wajen zama zakayi ka sulale ka faɗa cikin gurbi, in ma'aikaci ya nuna maka ta inda zaka bi, kar ka zaɓa da kanka. Inda ruwan yayi laushi kuma ka kwanta rigingine, ƙafa a gaba, rigar ta ɗauke ka kana kallon zaren saman nan yana wucewa. Gaba ɗaya shiga da fita mun yi kusan awa biyu da rabi, da tsaye-tsayenmu. Muna fitowa muka tarar da layi a igiyar farko, mutane sun yi yawa, wanda ya makara zai ɓata rabin lokacinsa yana jira cikin ruwa, shiyasa sammakon nan ya mana rana.

Asarar da nayi ɗaya ce, waya. Na siyi 'yar jakar leda a wani shago a Amman mai shagon ya rantse min ruwa baya shiga, ashe bakin baya rufuwa da kyau, ina fitowa na ganta ta cika da ruwa wayar ta mutu murus da hotunan ziyarata na Mu'uta a ciki waɗanda ban tura ko'ina ba. Wannan ya min ciwo har yau. Ko ka gwada jakar a bokiti da takarda a ciki tun a gida, ko ka bar wayar a waje, kuma duk abinda ke aljihu, fasfo, kuɗi, agogo, tabarau mara igiya, kar ya shiga da kai.

Maganar sutura dan nasan za'a tambaya, babu wanda ya tilasta kowa ya tuɓe. Ni da dogon wando mara nauyi da riga na shiga, na kuma ga matan Larabawa da ɗankwalinsu a ɗaure tsaf da riga mai dogon hannu da wando sun je har ƙarshe. Abinda bazai yiwu ba shine jallabiya ko zumbulelen hijabi, ruwa zai cika shi ya ja mutum ko ya maƙale a ƙarfe. Kuma a sani baƙi daga ko'ina suke zuwa da irin tasu shigar, wajen kuma matsattse ne, wanda hakan zai dame shi ya zo da farkon buɗewa kafin a cika.

Hanyar Siq daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba take buɗe, da sanyi a rufe take, kuma ko a cikin lokacin in aka ga alamar hadari suna iya rufewa a ranar. Kar wanda ya ji haushin wannan. Ruwan sama zai iya sauka can kan tsaunuka nesa, kai kana ƙasa rana tsaka baka san komai ba, ambaliya ta biyo kwazazzabon kuma babu wajen hawa, bango ne sumul hagu da dama. A watan Oktoba na 2018 irin haka ta faru a kwarin Zarka Ma'in da ke arewa da nan, mutum 21 suka rasu yawancinsu 'yan makaranta da suka fito yawo. Ina cikin lungun nan na tuna da yaran, na duba bangon sama, na musu addu'a. A kira ofishin kafin a taso daga Amman a tabbatar a buɗe suke.

Da muka fito na yi alwala da ruwan kogin dan mai daɗi ne ba irin na tekun ba, muka yi azahar a inuwa gefen ofis. Abokina yaso mu tsallaka titi mu shiga tekun gishirin tunda gashi nan a gabanmu, amma da yankan da ke ƙafarsa da ƙujewar gwiwata muka fasa, ruwan da gishirinsa ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari ba'a kai masa ciwo. Ma'aikacin ƙofa ya gaya mana da sanyi akwai wata hanya ta tudu da ake bi da ɗan rakiya, ta wajen awakin dutsen nan masu dogon ƙaho da suke kiwo a gandun, ba'a shiga ruwa. Ita na sa a raina in Allah ya sake kaini, dan ko ɗaya ban gani ba a wannan zuwan. Kafaɗuna sun yi kwana uku suna ciwo, a jirgi ma da ƙyar na ɗaga jakata.