Gidan bulon ƙasa da aka zana mana: sanyi ya samu, amma rufin ya cuce mu

Shekara guda ke nan da 'yan watanni da muka tare a gidan, kuma har yau ana tsayar da ni a bakin masallaci ana neman lambar yaron da ya zana shi. Na gaji da ba da amsa rabi da rabi, shi ya sa na zauna in rubuta.

Hotunan Dandaji ne suka fara jan hankalina, wancan gari na yankin Tahoua a Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa a 2018, tsohon kuma aka mayar da shi ɗakin karatu. Na daɗe ina kallon jan ginin nan, na ce ashe ƙasar da muke wa kallon ginin talaka tana da wannan kwarjini. Daga nan aka haɗa ni da wani matashi mai zanen gini a nan Kano. Bulon nasa ba tubalin kakanninmu ba ne da ake mulmulawa da hannu. Burji ake tankaɗewa, a zuba siminti kaɗan, a yayyafa ruwa, a matse da inji, sannan a lulluɓe shi ya yi makonni yana ƙwari.

Maganar gaskiya, a fannin sanyi ya cika alkawari har ya zarce. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, Hajiyarmu ta zo daga cikin gari ta yi mana kwana biyu. An ɗauke wuta tun safe, ba fanka ba komai. Bayan azahar na leƙa ɗakin da aka sauke ta, na tarar tana barci, ko mafici ba ta riƙe ba. Da ta tashi sai ta dafa bangon ta ce, "Wannan ai soron Baffa ka dawo min da shi." Ranar na ji kuɗina sun halatta. Bangon yana da kauri, mai zanen ya bar ƙananan tagogi can sama inda iska mai zafi ke fita, ya kuma yi mana zaure na gaske, baƙo ya zauna ba tare da ya hango tsakar gida ba. Da a lokacin na yi wannan rubutu, da yabo kawai za ku karanta.

Sai damina ta zo.

Rufin da ya yi mana irin ɓoyayyen nan ne da ake yayi yanzu. Bango ya tashi sama ya rufe kwanon, daga waje ba ka ganin komai sai zankwaye a kusurwoyi. Ruwa yana taruwa a kwata bayan bangon, ya bi bututun roba da aka binne ya sauka ƙasa. Tun ana ginin, dattijon maginin da ke jagorantar leburori, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, a sa indararo. Ruwan Agusta ba ya bin layi ya shiga bututu." Na kai wa mai zanen maganar. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, indararo zai ɓata fuskar gidan, an wuce wannan zamanin. Na lissafa komai." Na bi maganarsa, domin shi na biya ya lissafa.

Wani dare cikin Agusta, wajen ƙarfe biyu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ihun ƙaramar 'yata ne ya tashe mu. Na shiga ɗakin yara da fitilar waya, na ga silin ya kumbura kamar cikin tunkiya, ruwa yana zubowa ta ramin ƙwan lantarki. Da ƙyar muka kwashe su, ba a yi minti biyar ba wani ɓangare na silin ya rufto daidai kan katifar da suke kwance. Har yanzu in na tuna wannan ƙara jikina yakan yi sanyi. Littattafan Islamiyyarsu, kayan makaranta, kafet, duk suka jiƙe sharkaf. Muka kwana muna kwasar ruwa da bokiti ni da uwarsu.

Da gari ya waye na aro tsani na hau. Ganyen darbejiya da leda guda ɗaya ne suka toshe bakin bututun. Leda ɗaya! Kwata ta cika, ruwa ya rasa mafita, ya koma ta ƙarƙashin kwano ya gangara cikin bango. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san ba shi da maƙiyi kamar ruwan da ya kwanta. Bangon ya yi baƙi-baƙi, da ya bushe kuma ya fito da farin gishiri wanda har yau bai fita ba.

Abin da ya fi ci min rai ba yoyon ba ne, yadda mai zanen ya ɗauki maganar ne. Kwana uku ina kira ba ya ɗagawa. A na huɗu ya turo yaronsa, aka ce min wai rashin kula ne, ya kamata in riƙa share kwatar duk mako. Yaushe aka taɓa faɗa min haka? Kuma ta ina zan hau, tunda bai bar matakala ba, bai bar ƙofar hawa ba? Shi da kansa ya nuna min hoton makarantar Gando da Francis Kéré ya gina a Burkina Faso a 2001, yana alfahari da cewa mutumin ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. To ai a hoton nan, kwanon ya fito waje sosai kamar malafa, yana kare bangon ƙasa daga ruwa. Ya ɗauki kyan ya bar dabarar. Su ma magabatanmu da suke rufi da azara, ba don ado suke huda bango su sa indararo ba, ba kuma don nishaɗi ake shafa makuba ba.

Baba na koma na nemo. Bai ce min komai a kan abin da ya wuce ba, ya dai fasa bango wuri huɗu, ya sa indararo masu tsawo da ke watsa ruwa nesa da gindin gini. Kuɗin aikin, da na sabon silin, da na katifa, duk daga aljihuna. Mai zanen bai kawo ko kwabo ba, bai ma zo ya duba yaran ba. Yanzu da nake rubutu ma na tuna zankwayen da na biya a matsayin aikin hannu, ashe siminti ne aka zuba a mazubi aka shafa jan fenti, ɗaya har ya tsage.

Bulon ƙasar kam, in zan sake gini gobe shi zan yi. Lambar yaron ce ba zan ƙara bai wa kowa ba. Makon jiya ma na ga ya sa hoton gidana a Instagram yana tallar aikinsa, ya ɗauko shi daga ɓangaren da indararon Baba ba ya fitowa, kuma bai nemi izinina ba.