Kantar gareji: ta kwali, ta kafinta, ko ta mai walda?

Malam, ka ce garejinka na Hanwa a Zariya ya cika har motar ma sai da dabara take shiga: buhunan masara, kwalayen kwanukan uwargida, tsofaffin tayoyi, akwatin sufana da jarkoki. Ka ga ana tallar kantar ƙarfe mai hawa biyar a intanet, irin wadda ke zuwa a warware cikin kwali, kafintan unguwa kuma ya ce zai buga maka ta katako a kan kuɗin da bai kai nata ba, shi ne kake tambayar wacce za ka ɗauka. Tunda gidan naka ne ba haya ba, kuma akwai kaya masu nauyi a ciki, ni shawarata ita ce ta uku wadda ba ka ambata ba: mai walda ya haɗa maka jikin da ƙarfe, a shimfiɗa filawud a kai. Amma bari in ajiye maka su kusa da juna ka ga dalilina, don wani mai irin tambayarka amsarsa za ta iya bambanta da taka.

Ta kwalin nan da ka gani, yawancinsu awonsu ɗaya ne: tsayi wajen santimita 180, faɗi 90, zurfi 40. Ƙafafun siririn ƙarfe ne mai huda-huda, shimfiɗar kuma allon MDF ne marar kauri. Alherinta a fili yake. Ranar da ta iso ranar za ka haɗa ta, da guduma ko sufana, ba ka jiran kowa. Kana iya ɗaga hawa ɗaya sama ko ka sauko da shi idan kayan sun canza. Ranar tashi kuma ka warware ta, ta shige but ɗin mota. Ma'aikacin jami'a da ke zaune a kwatas a Samaru, ko ɗan haya a Palladan da bai san inda baɗi za ta same shi ba, wannan ce tasa, ba sai an yi dogon zance ba.

Inda nake so ka lura shi ne lambar da ake bugawa a jikin kwalin, wai kowane hawa yana ɗaukar kilo 150 ko 175. Wannan lissafin na kayan da aka baza daidai ne daga gefe zuwa gefe, a kan daɓe marar gangara, allon kuma a bushe. Garejinmu ba haka yake ba. Daɓen yakan ɗan gangara wajen ƙofa don ruwa ya fita, kuma ba a hankali ake ajiye kaya ba, jefawa ake yi. Buhun masara mai kilo 100 ko zama ba zai yi a kan allo mai zurfin santimita 40 ba, rabinsa a waje zai rataye. Shi kuma MDF garin katako ne aka matse da gam. Da zarar ya sha danshin watan Agusta, ko ruwan wankin mota ya fantsamar masa, sai bakinsa ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ko rana ta dawo ba ya komawa yadda yake. Wanda ya riga ya saya, ya cire allunan ya sa a yanko masa filawud daidai awonsu, kantar za ta ƙara shekaru. Sannan a sa kuɗin kawowa cikin lissafi. Idan daga Legas ko Kano za a ɗoro ta, akwai kuɗin mota, akwai na keke daga tasha zuwa gida, wani lokaci kuma ƙafa ɗaya ta iso a lanƙwashe. Akwai masu ƙarfi na gaske, irin na manyan sito da kantuna, wani lokaci ana dacewa da na hannu idan wani ya rufe shago. In ka samu irin wannan a farashi mai sauƙi, kada ka tsaya shawara da kowa.

Ta kafinta kuwa, abin da ta fi ta kwali shi ne tana bin ɗakin. Duk inda bango ya karkace, ko taga ta tare, ko mitar wuta ta fito, kafinta zai zagaye. Katakon tu-bai-fo da tu-bai-tiri ana sayar da shi ne tsawon ƙafa 12, a wurin 'yan katako na Sabon Gari za ka zaɓa da idonka. Gyaranta ma ba wuya, ƙusa da zarto ne.

Amma tana da abokan gaba biyu a garin nan, kuma dukansu ba sa nuna kansu ranar da aka kawo aiki. Na farko ɗanyen katako. Da yawa daga katakon da ke shigowa kasuwa bai gama bushewa ba, musamman da damina. Za a buga kanta ta tsaya cak, sai hunturu ya shigo a Nuwamba, iska ta zuƙe ruwan jikin katakon, kafin Janairu ka ga falanki ya murɗe, ƙusa ta saki, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Idan katako za ka yi, ka ɗaga shi ka ji: ɗanye ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, zarto kuma yana fitar da gari mai damshi. Gara a yi aikin da rani, ko a saya a jingine a inuwa ya sha iska kafin a taɓa shi. Na biyu ita ce gara, kuma duk wanda ya zauna a Zariya ya san aikinta. Takan fito ta tsagar daɓe ko gindin bango, ta yi siririyar hanyarta ta ƙasa a bayan kanta inda ido ba ya kaiwa, ta cinye cikin katako ta bar fatar. Ka zo ka dafa, yatsa ya nutse. Katako mai laushi irin obeche shi ne tuwonta. Maɗaci da iroko suna jurewa, sai dai da ka ce su kake so, arhar da kafinta ya faɗa maka ta tafi. Ana shafa maganin katako irin Solignum, wasu kuma baƙin mai suke shafawa, yana taimakawa, amma ni ba zan so warin ko ɗaya kusa da hatsin da iyali za su ci ba. Dole kuma ƙafafun su zauna a kan bulo ko tayil, kada su taɓa daɓe, a kuma bar 'yar tazara tsakaninta da bango yadda za ka riƙa haska fitila kana dubawa.

Akwai wani abu da ya shafi dukkansu, wanda shi ne ke raba kantar kirki da ta banza: tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa. Idan ka ninka tazarar sau biyu, kayan da ke kai nauyinsu bai canza ba, lotsawar allon ba ninki biyu take yi ba, ninki takwas take yi. Haka idan ka ninka kaurin allon sau biyu, ƙarfinsa na ƙin lotsawa ya ƙaru sau takwas. Shi ya sa kafintan da ya ce zai rage maka kuɗi ta hanyar cire ƙafar tsakiya, ko ya sa filawud rabin inci a maimakon mai inci uku bisa huɗu, ba sauƙi ya yi maka ba. Kada tazara ta wuce ƙafa 3 zuwa 4, a kuma sa katako ko ƙarfe a ƙarƙashin bakin allon gaba da baya. Ka kuma ce masa allon ya zauna a kan katako, ba ya rataya a jikin ƙusa ba, sannan a gicciya ɗaya a baya don kada ta riƙa rangaji.

To, ga dalilin da ya sa na karkata ga mai walda. Gara ba ta cin ƙarfe, hunturu ba ya murɗa shi, kuma kamar ta kafinta, a kan awon garejinka za a yi ta. Angul ayan, wato ƙarfen nan mai kusurwa kamar harafin L, mai inci ɗaya da rabi, kauri mili 3, ya ishe ka, bakinsa ma yana ba allo wurin zama ba sai an ɗaure ba. Filawud yana zuwa ne ƙafa 4 da ƙafa 8. Idan aka tsaga shi uku a tsaye, ka samu alluna uku masu tsawon ƙafa 8 da zurfin inci 16, ba abin da ya tafi a banza. Saboda haka ka tsara kantar a kan wannan awon tun farko, ba sai an gama walda a fara neman allon da zai shiga ba. Aibinta biyu ne. Hawan da aka liƙe ya liƙu, ba ya matsawa, don haka ka auna kayanka mafi tsayi kafin a kunna inji. Sannan tsatsa: a goge ƙarfen, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da fentin mai, a kula da ƙasan ƙafafu musamman, don nan ruwa ke kwanciya. Kada kuma a yi ta guda ɗaya doguwa. A yi ta gida biyu, kowanne ƙafa 4, allunan ma a raba kowanne biyu, mutum biyu su iya ɗagawa idan za a share ko a yi fenti.

Kafin ka kira kowa, ka shigar da motar inda ka saba ajiye ta, ka buɗe ƙofar direba da ta baya sosai, ka zana da alli inda suka tsaya. Abin da ya rage shi ne naka. Corolla faɗinta bai kai mita 2 ba, amma Sienna ta kai wajen mita 2 a faɗi, ta ɗan haura mita 5 a tsawo, kuma garejin gidajenmu da yawa ba a yi su da yalwa ba. Sau da yawa bangon ƙurya, wanda hancin mota ke fuskanta, ya fi na gefe dacewa. Can ma hawan sama zai iya fitowa ta saman bonet.

Buhunan masarar nan kuwa, ko wacce kanta ka zaɓa, kada su hau sama. Ba wanda zai riƙa ɗaga kilo 100 zuwa ƙirji yana saukewa. A bar gidan ƙasa a buɗe, tsayinsa wajen mita 1, a sa ɗan dakali na katako ko falet ya ɗaga buhu daga daɓe, a janye shi daga bango saboda danshi da ɓera. Batir, jarkar da ke cike da akwatin sufana su zauna hawa na biyu. Kwanuka da kayan da sai biki ake nema su tafi sama, amma ba a cikin kwali ba, don kwali gidan kyankyaso ne, kuma ƙurar hunturu ba abin da take ragawa a kanta marar ƙofa. Robobi masu murfi sun fi, a rubuta abin da ke ciki a jiki. Jarkar fetur kuma ba na son ganinta a kanta ɗaya da batir ko tukunyar gas, ko kusa da inda ake tayar da janareta.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka tsallake: a ɗaure kantar a bango ta sama. Yara suna ganin kanta kamar tsani ne, kuma doguwa marar zurfi da an rataya a bakinta take tahowa gaba ɗaya. Ta kwali ta fi kowacce wannan haɗari saboda ba ta da nauyi. Bulonmu mai rami ne, ƙusa ba ta kama shi, sai a huda a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a bango, da dogon sukuru, in da hali a nemi wurin fila ko lintal inda aka zuba kankare.

Batun kuɗi, farashin ƙarfe da filawud ba ya zama wuri ɗaya, don haka kada ka kwatanta jimla da jimla. Ta kwali ɗaya faɗinta ƙafa 3 ne kawai, sai ka sayi kusan uku kafin ka cike bangon da ta walda mai ƙafa 8 za ta cike, kuma a nan ne arhar tata ke raguwa. Ka sa mai walda ya rubuta maka tsawon ƙarfe nawa zai ci, ku je kasuwa tare ka saya da hannunka, don a wurin kauri ake yin coge: a yi ciniki a kan mili 3, a kawo aiki da wanda bai kai ba, fenti ya rufe. Kuɗin hannu kuma ka ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an kawo an kafa. Ranar da aka kawo, ka duba kowace mahaɗa ka ga an zagaye ta da walda, ba ɗigo biyu aka yi aka wuce ba, ka sa a goge kaifin bakin ƙarfe da giranda saboda hannun yara da fentin mota, sannan ka hau hawan farko da ƙafarka ka girgiza ta kafin ka biya.