Noughty Sparkling Chardonnay: abin da mai otal zai duba kafin ya sa ta a tebur

A manyan liyafa akwai lokacin da ake ɗaga kofi don taya murna. Masu shan giya a zuba musu shampen, wato giyar inabi mai kumfa ta Faransa, sauran baƙi kuma a miƙa musu lemon kwalba mai zaƙi kamar ana bikin yara. Wannan giɓin ne Amanda Thomson ta hango. 'Yar Birtaniya ce da ta yi aikin jarida a BBC, daga baya ta ajiye aikin ta koma Paris ta karanci ilimin giyar inabi a makarantar Le Cordon Bleu. Ta kafa kamfanin Thomson & Scott, ta fara da shampen mai ƙarancin sukari, a 2019 kuma ta fito da Noughty, giyar inabi mai kumfa da aka cire wa barasa, mai ɗauke da 0.0% na barasa a jikin kwalba. Tun farko da sukari take faɗa, kuma ana jin hakan a kurɓin farko.

Ba ruwan inabi ba ne da aka ɗura wa gas. Inabin Chardonnay ne da ake nomawa a Sifaniya ba tare da takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba, a matse shi, a bar shi ya zama giya cikakkiya, sannan a cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, zafin da zai dafe ƙamshin inabi ya bar ɗanɗano irin na dafaffen 'ya'yan itace. Don haka ake zuƙe iskar cikin tukunyar, matsi ya ragu, barasar ta tashi da ɗumi kaɗan. Daga nan sai a ɗura iskar gas da za ta ba da kumfa.

Amfanin wannan doguwar hanya shi ne, yis, ƙwayar da ke mayar da sukari barasa, ya riga ya cinye yawancin sukarin inabin kafin a cire barasar. Kamfanin ya rubuta giram 2.9 na sukari da kalori 14 a kowace mililita 100. Coca-Cola tana da giram 10.6 a wannan ma'aunin, ruwan inabi zalla kuwa ya fi haka. Kofi ɗaya na mililita 125 bai kai giram 4 ba.

Launinta ruwan ɗorawa ne mai haske. Ƙamshin tuffa ne ke fara dukan hanci, sai ɗan lemun tsami a bayansa. A baki tsamin ne ke jan ragama, zaƙin yana biye da shi a hankali, kuma ba ta barin danƙo a harshe. Wannan shi ne babban abin yabonta, domin abin sha mai tsami yana wanke maiƙo daga baki, ya sa loma ta gaba ta yi daɗi. Tana tafiya da soyayyen kifi, da jatan lande, da cuku mara ƙarfi, da duk abin taɓawa mai gishiri. Jan nama mai nauyin miya kuwa danne ta yake yi, a ji kamar ruwa ake sha.

Rauninta biyu ne, kuma bai kamata a ɓoye wa baƙo ba. Barasa ce ke ba giya kauri a baki, idan aka cire ta dole abin ya yi sirara, ɗanɗanon ya wuce da wuri bayan an haɗiye. Kumfar ma ta ɗure ce, ba irin ta shampen da ke samuwa cikin kwalba a hankali ba, saboda haka ƙwayoyinta sun fi girma kuma sun fi saurin mutuwa. Yawancin ƙorafin da ake yi a kanta daga nan yake, rabinsa kuwa laifin masu kai ta tebur ne.

Sanyi shi ne komai. A kai ta digiri 6 zuwa 8: awa 3 a firiji, ko minti 30 a bokitin da aka cika rabi ƙanƙara rabi ruwa. Ƙanƙara zalla ba ta sanyaya kwalba da sauri, don ruwan ne ke rungumar gilashin ko'ina. Idan ta yi ɗumi, tsamin yana kwantawa, zaƙin ya fito fili, gas ya gudu. Kada a jefa ta firiza don gaggawa. Tunda babu barasa, kusan tare da ruwa take daskarewa, ƙanƙarar ta kumbura ta ture toshiyar ko ta fasa kwalbar.

Wajen buɗewa, a yaye takardar wuya, a ɗora babban yatsa a kan toshiya kafin a kwance wayar da ke ɗaure da ita, kada a ɗaga shi har a gama. A karkata kwalbar, bakinta na kallon inda ba kowa, a riƙe toshiyar gam a juya kwalbar. Ƙarar da ake so ɗan huci ne. Wannan fas ɗin da ke burge jama'a gas ne yake tafiya a banza, ita kuwa ba ta da na asara. Kofi ya zama mai tsawo da matsattsen baki, an ɗauraye shi sarai, domin ragowar sabulu ko maiƙon yatsa suna kashe kumfa nan take. A zuba kaɗan, a jira kumfar ta kwanta, a ƙara zuwa kashi biyu cikin uku. Kwalbar mililita 750 tana ba da kofi 6. Kuskuren da ya fi yawa a liyafa shi ne jera kofuna a tire tun kafin baƙi su shigo. Minti goma ya isa su zama lami. A zuba lokacin da hannu ya miƙo.

Kwalbar da aka buɗe a rufe ta da marfin shampen mai maƙalewa, a mayar firiji, a ƙarar da ita cikin kwana biyu. Barasa ce ke kare giya daga lalacewa, nan kuwa babu ita. Haka ma wadda ba a buɗe ba: ajiya ba ta ƙara mata komai, a sayi daidai bukata, a nisanta ta da rana da zafin kicin, a fara fitar da tsohon kaya.

Kuɗinta ya ninka na lemon kwalba, kuma da dalili, tunda sai an yi giya an gama sannan a ƙara wani aikin da ke rage yawan ruwan. A ganinmu ta ci kuɗinta a wurin da ake cin abinci a zaune, amma asara ce a taron da za a bar kofuna suna jira.

Saura batun da baƙo Musulmi zai tambaya, kuma haƙƙinsa ne a ba shi amsa ta gaskiya. Kamfanin ya ce wannan kwalbar tana da takardar shaidar halal, sai dai malamai sun saɓa a kan abin da asalinsa giya ne aka cire masa barasa, wasu hukumomin halal ma ba sa ba irinsa shaida. Mai kai abin sha ya faɗi yadda aka yi ta, ya bar wa baƙo zaɓi. A kuma koya wa ma'aikata karanta jikin kwalba, domin ba duk mai sunan Noughty ce 0.0% ba. Jar Noughty da ake yi da inabin Syrah na Afirka ta Kudu, ƙasa da 0.5% aka rubuta mata, don haka kada a haɗa su layi ɗaya a takardar abin sha ba tare da an rubuta adadin kowacce a gabanta ba.