GARGAƊI: Ɗan damfara mai sayar da tayoyin ƙanƙara da rim a yankin Ottawa da Gatineau ya ci min dala 850

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Kanada, musamman na Ottawa da Gatineau. Akwai wani mutum da ke tallar tayoyin ƙanƙara guda huɗu haɗe da rim ɗinsu a kasuwar Facebook, yana cewa na Subaru Forester ne, wai hunturu ɗaya kacal suka yi a kan titi. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi. Ni ya ci min dala 850, kuma wallahi har yanzu da nake wannan rubutu raina tafasa yake yi. Dala 850, kuɗin da na yi ta tarawa daga aikin dare, ya karɓa yana murmushi, har da yi min addu'ar Allah ya tsare hanya.

Tun kafin wani ya zo ya rubuta min "araha ba ta ado", bari in faɗa muku ba araha na bi ba. Dala 850 a kan tayoyi na hannu da rim na ƙarfe ba kuɗin banza ba ne, daidai da abin da ake sayarwa ne a kasuwa. Da ya ce 300 ko 400 da tun a nan na san akwai lauje cikin naɗi. Macucin ya san farashi sarai, shi ya sa ya ajiye shi inda mai hankali ba zai yi zargi ba.

Motata Forester ce ta 2017, mai jan taya huɗu, kuma lambar Quebec gare ta saboda a Gatineau nake zaune. Duk wanda ke wannan ɓangaren kogin da ya raba Gatineau da Ottawa, wato ɓangaren Quebec, ya san doka: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayoyin ƙanƙara, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300 na jiranka. Kuma ba kowace taya suke karɓa ba, sai mai ɗauke da tambarin nan na dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, ko kuma mai ƙusoshi. Tsofaffin tayoyina sun suɗe, Nuwamba ta yi nisa, garejin duk da na kira sai a ce layi ya cika. A cikin wannan matsi na ga tallarsa.

Na yi masa tambayoyi, jama'a. Ba ido rufe na shiga ba. Na tambaye shi girman taya, ya ce 225/60R17, daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar motata. Na tambaye shi rim ɗin na wace shekara ne, ya rubuta min da hannunsa cewa na Forester 2014 zuwa 2018 ne. Wannan saƙon yana nan a wayata, zan saka hotonsa. Na ce ban yarda da hoto ba, ya kira ni ta bidiyo, bai yi musu ba, nan take ya kira. Kuma wannan kiran shi ne ya hana ni barci. Yana tsaye a cikin wani gareji mai haske, ya mirgino taya ɗaya gaban kyamara, ya nuna min tambarin dutsen, ya nuna min lambar DOT, wadda ke nuna lokacin da aka ƙera taya, ƙarshenta 3622, wato sati na 36 na shekarar 2022. Sannan ya ciro kwabon kwata daga aljihu, mai hoton barewar nan ta caribou, ya cusa hancinta cikin zanen tayar, hancin ya nutse ya ɓace gaba ɗaya, alamar zanen na da zurfi. Wannan gwajin shi masana ke cewa a yi. Ya yi shi ba tare da na roƙa ba. Ku gaya min wanda zai ga haka ya ce ɓarawo ne.

Ina ta maimaita kiran nan a kaina. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka gani da idonka, ni ba na cin haram." Sauran ukun suna jingine da bango a bayansa cikin farar leda irin wadda gareji ke sakawa. Na ce sauran fa? Ya ɗan juya kyamarar ya buga ledar da tafin hannu ya ce duk tare ya saye su, rana ɗaya, shago ɗaya. Ya faɗe shi cikin natsuwa, ko ƙifta ido bai yi ba. "Duk tare na saye su." Har yanzu ina jin muryar.

Tsaya, na tsallake wani abu. Kafin kiran bidiyon, ko bayan sa ne, a daren dai, ya ce akwai wani da zai zo daga Kanata da safe da kuɗi a hannu, in ina so in riƙe kayan sai in ba da kafin alƙalami. Dala 300. Na tura ta e-transfer, wato tura kuɗi daga banki ta intanet. Kuɗin suka shiga kai tsaye ba tare da tambayar sirri ba, kuma sunan da ya fito ba shi ne sunan da ke kan tallar ba. Na tambaya. Ya ce asusun matarsa ne. Mutane nawa ne a cikinmu suke karɓar kuɗi ta asusun iyalinsu? Wannan ba abin mamaki ba ne a wurina, kuma har gobe ban ga laifina ba a nan. To 300 ke nan. Ragowar 550 a hannu na ba shi. 300 da 550, dala 850.

Da farko cewa ya yi in zo gidansa in ɗauka. Da lokaci ya matso sai ya ce surukansa sun zo, zai kawo min har kusa da ni don kada in sha wahalar tsallaka gada a cunkoson yamma. Na ma yi masa godiya. Muka haɗu a filin ajiye motoci na wani babban kanti bayan isha'i, a wannan lokaci na shekara kuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi duhu ke shiga, ga ruwa mai haɗe da ƙanƙara yana sauka, yatsu sun ƙage. Ya buɗe bayan motarsa, ya yage ledar ta sama da kansa, ya haska min fitilar waya. Ita ce dai ta bidiyon, 3622, tambarin dutse, zane mai zurfi. Na juya rim ɗin na ƙirga ramukan noti, biyar, kamar na motata. Na taɓa sauran ta cikin leda, na ji tudun zane. Shi ya taya ni lodi da hannunsa yana cewa in kula da bayana. Na ƙirga masa 550, ya sake ƙirgawa a gabana, ya ce Allah ya sa albarka.

A gareji asiri ya tonu. Bakaniken ya ɗaga motar, ya cire tayata ta gaba, ya ɗauko rim ɗin farko zai ɗora, ya ƙi zama. Ya juya, ya sake gwadawa, rami ɗaya ya shiga sauran huɗun suka kauce. Ya ajiye shi a ƙasa ya ɗauko ma'auni. Rim ɗin 5x114.3 ne, motata kuwa 5x100 take ɗauka. Duka ramuka biyar ne, bambancin yana faɗin da'irar da ramukan suka zauna a kai, milimita 100 da milimita 114.3, abin da ido ba zai raba ba a cikin duhu. Forester sai daga ƙirar 2019 ta koma 114.3. Mutumin da ya rubuta min "2014 zuwa 2018" ya san abin da yake yi. Bakaniken ya ƙara da cewa ko ramin tsakiyar ma ba na Subaru ba ne, nasu milimita 56.1 ne, wannan ya fi faɗi, daga wata mota daban aka ciro su.

Sai ya shiga yage sauran ledojin, ni ina tsaye, ga wasu mutane suna jiran layi suna kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Biyu daga ciki lambarsu ta ƙare da 4113. Shekarar 2013! Sun haura shekara goma, alhali kamfanonin taya da kansu suna cewa taya in ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta na nan. Ya danna farcensa a robar, ta yi tauri kamar busasshiyar ganda, gefen duk ƙananan tsage-tsage, an shafe su da man sheƙi don su yi baƙi. Amfanin tayar ƙanƙara ai laushin robarta ne, ta ci gaba da kama titi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, inda tayar yau da kullum ke sandarewa. Wadda ta bushe haka sunan kawai ya rage mata. Ta huɗun kuma ko tayar ƙanƙara ba ce ba. M+S, alamar da ake gani ko a tayar yau da kullum, kawai aka rubuta a jikinta, babu tambarin dutse, kuma da ya cire ta daga rim sai ga faci a ciki daf da kafaɗar tayar, wurin da duk mai faci na kirki zai ce maka ba a gyarawa.

Ɗaya tak ce ta gaskiya a cikin huɗun. Ita ya nuna min a bidiyo, ita ya ɗora a sama, ita ya yage wa leda.

Na ce wa bakaniken, to ko za a ɗora tayoyin a kan rim ɗina na asali in lallaɓa zuwa Janairu? Ya girgiza kai ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai saka min su ba. Ya auna zurfin zanen, mai kyan ta kai 10/32 na inci, tsofaffin biyun suna wajen 5/32. Ya ce a mota mai jan taya huɗu bambancin da ake yarda da shi bai wuce 2/32 ba, saboda duk tayoyin a haɗe suke ta giya. In ɗaya ta fi sauran girma ko da kaɗan, juyawarsu ba za ta zo daidai ba, sai kulochin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya ɗauka santsi ake yi, ya yi ta aiki ba hutu yana zafi har ya lalace. Gyaran wannan dubbai ne. Wato bayan 850 ɗin da ya ci, so ya yi in kashe giyar motata, ko in taka birki a kan gada da yarana a baya motar ta ƙi tsayawa. Wannan ne ya fi ƙona min rai fiye da kuɗin. Ya ga kujerar jariri a bayan motata lokacin da muke lodi. Ya gani.

Kuma masu ce min ai motarka AWD ce, wato mai jan taya huɗu, me ya kai ka neman tayar ƙanƙara tun farko, don Allah ku bar wannan maganar. Jan taya huɗu yana taimaka maka ka tashi daga wuri ne. Wajen tsayawa da shan kwana ba ya ƙara maka komai, kowace mota birkin taya huɗu gare ta, robar da ke taɓa ƙasa ita ce magana. Ga kuma doka.

Daga cikin garejin na kira shi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura hotuna. Ya karanta, na ga alamar ya karanta. Can sai ya rubuto wai shi lafiya lau ya ba ni kaya, wataƙila bakanikena ne ya musanya. Bakanikena! A gabana aka yage ledar. Kafin in gama rubuta amsa ya toshe ni, tallar ma ta ɓace. Af, na manta, tun a daren da muka haɗu na ce ya rubuta min 'yar takardar shaida, ya ce biro ɗinsa ya daskare, zai turo min ta waya. Bai turo ba. Wannan ma yana cikin hirar, inda na tuna masa washegari ya ce "in sha Allah anjima".

Banki sun ce kuɗin da aka tura ta e-transfer in har ya shiga asusun mutum ba a iya janyo shi, kuma ni na tura da kaina. Na 550 kuwa babu ma maganarsa tunda hannu da hannu ne. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, na kuma cike fom na Cibiyar Yaƙi da Zamba ta Kanada. Na biya gareji kuɗin aikin da ba a yi ba, na sayi sababbin tayoyi huɗu da katin bashi, aka ɗora su a kan rim ɗina na asali. Duk wannan daban, 850 daban. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne tallar ta dawo. Wata 'yar'uwa ta turo min ita jiya, suna daban, hoton fuska daban, amma garejin nan ne mai haske, farar ledar nan ce a jingine da bango, yanzu kuma wai na Toyota RAV4 ne. Yana da wata tayar kirki guda ɗaya ke nan da zai nuna wa na gaba.

In za ku sayi na hannu, ku haɗu a gareji da rana, a gwada rim a jikin motar, a karanta DOT da tambarin dutse a kan duka huɗun, a auna zanen kowacce, sannan kuɗi. Ba kafin alƙalami.

Hotunan hirarmu, shaidar tura 300 ɗin, da hotunan tayoyin da lambobinsu zan saka su da daddare in na taso daga aiki, sai na rufe bayanan asusuna tukuna. Duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa haka, ko ya ga tallar da wani sunan, ya yi min magana ta akwatin saƙo in haɗa da lambar rahoton da na riga na buɗe.