Hattara da masu cire indomi daga salansar mota

Masu motoci a Kano, a kula. Akwai wasu samari da ke zagaya gareji-gareji, wani lokacin ma a bakin titi suke tare mutum, su ce salansarka ta toshe, shi ya sa motar ke shan mai. Sai ka ji, "Alhaji, kawo mu buɗe mata numfashi, mu sa maka bututu mai faɗi, ta ƙara ƙarfi. Kuɗin walda kawai za ka biya." Wannan arahar ita ce tarkon.

Abin da suke hari shi ne tukunyar nan da ke tsakanin inji da salansa, wadda makanikai ke kira indomi. A cikinta akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske. Su fasa ta, su zazzage abin ciki, su kai wa 'yan gwangwan, kai kuma a liƙe maka fanko. Har godiya kake yi.

Maganar ƙarin ƙarfi kuwa ƙarya ce. Kamfani ya auna faɗin bututu daidai da girman injin. Idan ya yi faɗi da yawa, gudun hayaƙi yana raguwa, motar ta yi nauyin tashi, kuma a cunkoson Kantin Kwari ko Bata ƙarfin tashin ne kake buƙata, ba ƙara ba. Mafi muni, idan waldar ta bar ƙofa kafin na'urar auna iskar hayaƙi, iska za ta shiga, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara turo fetur. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, ringi ya fara ci. Ga hayaƙi mai guba da ba ya wari, yana iya shigowa ciki gilashi a rufe, yara na baya.

Indomi yana toshewa da gaske, amma galibi injin da ke ƙona baƙin mai ko fulogin da ba ya kamawa ne sanadi, cire shi ba ya gyara wannan.

Kada ka bar mota a hannun wanda ba ka sani ba. A sa kwamfuta a duba tukuna. In an yanke wani abu, ka karɓi kayanka a hannu. Mai sayen 'yar Kwatano kuma ya leƙa ƙasa, in ya ga sabuwar walda a jikin tukunyar, a rage masa kuɗin sayen wata tukunyar a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin ya biya.