Kafin ka biya kuɗin turin fim ɗin gudun gida

Ɗan ƙanwata mai shekara 13 ya dawo daga shagon masu turi a Tudun Wada, nan Gusau, da memori a hannu. Ya ce, "Kawu, na matasa ne masu barin gida su kama hanya." Na ce ya ajiye sai na fara gani. Guda uku ne a ciki, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba.

American Honey na 2016 kam, a bar wa mai shago abinsa. Budurwa ce 'yar shekara 18 ta bi ayarin masu tallan mujallu gida-gida a Amurka, ga giya, ga baɗala a fili. Alamar R ke kansa, wato ko a can ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallo sai da babba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Moonrise Kingdom na 2012, domin a ido kamar littafin yara yake. Alamarsa PG-13, wato gargaɗi ga iyaye cewa wani ɓangarensa zai iya zama bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. Yaro da yarinya ne 'yan shekara 12 suka gudu tare a wani tsibiri. Sai ga su a bakin teku suna sumbatar juna, daga su sai kayan ciki, kuma labarin yana bayansu har ƙarshe, manya ne ake nunawa ba su san abin da suke yi ba. Masu saka alamar nan da ma'aunin gidajensu suka auna, don haka kada uba ya ga 13 ya saki jiki.

Na ukun na zaɓa, Hunt for the Wilderpeople na 2016, daga Niyu Zilan. Ricky yaron riƙo ne. Matar da ta riƙe shi ta rasu, ya ji hukuma za ta ɗauke shi, sai ya faɗa daji, mijinta Hec ya bi sawunsa. Akwai zagi, da bindiga, da jinin farautar aladen daji, shi ya sa ban yarda ƙannensa su zauna ba. Amma a nan yaro yana ɓata, yunwa ta kama shi, bai tsira ba sai da babba a gefensa.

Tare muka kalla bayan Isha'i. Da ya ƙare na tambaye shi, da a dajin Ɗansadau Ricky ya shiga, wa zai fara cin karo da shi? Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kawu, ba 'yan sanda ba ne."