Gargaɗi ga masu shirin jarrabawar ɗaukar aiki: ku kula da masu sayar da "tambayoyin da za su fito"

Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi asarar naira 63,500 a cikin kwana goma sha ɗaya, kuma dubu hamsin daga ciki kuɗin adashin mahaifiyarmu ne. Na nemi izininsa kafin na rubuta wannan, ya ce in rubuta, in dai zai hana wani faɗawa ramin da ya faɗa.

Ya cike fom ɗin neman aiki a ɗaya daga cikin hukumomin tarayya masu kayan sarki, sunansa ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar kwamfuta. Duk wanda ya taɓa zama irin wannan jarrabawa ya san akwai Turanci, akwai ɗan lissafi, sannan akwai ɓangaren sanin ƙasa da al'amuran yau da kullum, wanda shi ne yake firgita yara, domin ba shi da wani littafi guda da za a ce maka ka haddace ka huta. A nan 'yan damfarar suka kafa tarkonsu.

A ƙarƙashin wani labari na Facebook da yake magana kan ranar jarrabawar ya ga tallar. Mai tallar ya sa hoton wani mutum cikin kaki, ya manna tambarin hukumar, ya ce yana da tambayoyi 500 na al'amuran yau da kullum da amsoshinsu, "sababbi fil, daga ciki aka fito da su". Naira 3,500. Ya ce farashin zai koma 7,000 da ƙarfe sha biyun dare. Ƙanena ya tura kuɗin da ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci. Sunan da ya fito a asusun daban yake da sunan mai tallar, kuma asusun irin na manhajojin waya ne da lambar waya ke zama lambar asusu. Ya lura da haka, ya tambaya, aka ce masa asusun sakatariyar oga ne.

An turo masa takardar kuwa. Ya kai shagon kwamfuta aka buga masa, shafi 84, aka ɗaure da zoben roba, aka sa bango mai sheƙi. Kwana shida yana zama a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ƙarƙashin fitilar maƙwabcinmu mai sola, yana haddacewa kamar mai tilawa. A dare na bakwai na zauna kusa da shi, na ce kawo in yi maka tambayoyi. Ni malamin makaranta ne, darasin sanin gwamnati nake koyarwa, saboda haka tun a shafi na uku jikina ya yi sanyi.

Tambayar ta ce ƙasashe nawa ne a ƙungiyar ECOWAS, amsar takardar ta ce 15. Mali da Burkina Faso da Nijar sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairun 2025, saura 12. Mu da muke da 'yan uwa a Maraɗi da Damagaram, muka ga yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya taɓa kasuwanninmu, ai wannan ba labarin da za a ba mu ba ne. Na ci gaba. Taken ƙasa, takardar ta kawo wanda aka fara rerawa a 1978, alhali tun ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken lokacin samun 'yancin kai. Gwamnan Babban Banki, ta ce Godwin Emefiele, mutumin da aka dakatar tun Yunin 2023, aka naɗa Olayemi Cardoso a watan Satumbar shekarar. Shugaban Majalisar Dattawa, ta ce Ahmad Lawan, wanda ya sauka daga kujerar a 2023. Alƙalin Alƙalai, ta ce Tanko Muhammad, wanda ya yi murabus a Yunin 2022, kuma bayansa Olukayode Ariwoola ya hau ya sauka, Kudirat Kekere-Ekun ta karɓa a Agustan 2024.

Da na nutsa cikin shafukan sai na gane ba ma takarda ɗaya ba ce. Tsofaffin takardu ne na shekaru daban-daban aka kwaso daga intanet aka haɗa, ko karantawa ba a yi ba. A shafi na 12 an ce ranar dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce, a shafi na 57 an ce 12 ga Yuni. Ta biyun ce daidai, Buhari ne ya sanar da sauyin a 2018. Wani wuri an ce sai mai shekara 40 zai iya tsayawa takarar shugaban ƙasa, alhali gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shi zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Tarayyar Turai an ce ƙasashe 28, Birtaniya kuwa ta fita tun 31 ga Janairun 2020. Har hukumar gidajen yari an kira ta da tsohon sunanta, wanda dokar 2019 ta sauya zuwa hukumar gyaran hali. Ku duba wannan da kyau: mutumin da yake rantsuwa daga cikin ofis ya fito da tambayoyi bai san sunan da hukumomin suke amsawa yau ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kurakuran da ba su da alaƙa da tsufa. An rubuta cewa an ƙirƙiri Jigawa a 1987. Katsina da Akwa Ibom ne na 1987, Jigawa ta 27 ga Agustan 1991 ce, daga tsohuwar jihar Kano aka cire ta. An ce Kano tana da ƙananan hukumomi 34, na Katsina ke nan, Kano 44 gare ta. Yaron da ya tashi a nan, ya san waɗannan abubuwa tun yana firamare, ya zauna yana goge abin da ya sani yana maye gurbinsa da ƙarya, saboda ya biya kuɗi kuma an ce masa daga ciki aka fito da ita. Na ce masa, kai ba ka san Kano 44 ba ce? Ya ce, "Yaya, na sani, amma na ɗauka yadda suke so a amsa ke nan." Da bai sayi komai ba, da ya fi haka samun maki.

Na ɗauka asarar ta tsaya a 3,500. Sai da na ga ya yi shiru yana murza bangon takardar, na matsa masa, sannan ya faɗa min sauran.

Duk wanda ya sayi takardar ana jefa shi cikin wani zauren WhatsApp wanda masu kula da shi kaɗai ke iya magana. Kullum da safe sai a zubo saƙonnin murya na wasu da ake cewa sun ci jarrabawar bara. Na saurari guda huɗu. Da Hausa suke, Hausa mai kyau, akwai wallahi tallahi, akwai Allah Ya saka wa oga da alheri, akwai wata mai muryar kuka tana cewa marainiya ce. Wannan ne ya karya wa ƙanena zuciya, domin yaro ne da bai saba jin an rantse da Allah a kan ƙarya ba. Daga nan aka ce akwai zaure na musamman, naira 10,000, inda za a turo ainihin tambayoyin da ƙarfe biyun daren jarrabawa. Ya biya daga ɗan abin da yake tarawa na gyaran waya da yake yi. Bayan kwana biyu wani ya kira shi, ya ambaci cikakken sunansa da ƙaramar hukumarsa, ya ce jiharsu saura gurbi uku, cin jarrabawa kaɗai ba ya ba da aiki, sai da wanda zai tsaya maka. Dubu ɗari, rabi yanzu, rabi in takardar kama aiki ta fito. Ya je wurin Inna ya ce kuɗin tantancewa ne. Ranar da ta kwashi adashi ta ƙirgo masa dubu hamsin, ta haɗa da addu'a.

Yadda mai kiran ya san sunansa da garinsu ba wani abin mamaki ba ne. Kafin a shigar da mutum zaure na musamman sai ya cike wani fom ta hanyar adireshin da suka turo: suna, ranar haihuwa, lambar NIN, lambar BVN, sunan mahaifiya, hoto. Shi da hannunsa ya ba su, suka juyo suka karanta masa, ya ɗauka daga kundin hukuma suke dubawa. Wannan ɓangaren ya fi kuɗin tayar min da hankali, domin da waɗannan bayanai ana iya neman bashi a manhajojin ba da rance da sunan mutum, ana iya ƙoƙarin sauya masa layin waya a kai ga asusunsa. Washegari da sassafe muka je bankinsa muka yi bayani, aka sauya lambobin sirri, muka shigar da ƙorafi kan asusun da aka tura kuɗin, muka kuma kai rahoto wurin 'yan sanda. Duk wanda abin ya same shi kada ya kwana bai yi haka ba, kuma ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirar kafin su goge, don suna goge saƙonni daga ɓangarensu.

Akwai mataki na ƙarshe da Allah Ya tsare mu daga shi. Ana gobe jarrabawa suka kira suka ce za a turo masa lamba shida ta saƙon waya, ya karanto musu don a tabbatar da kujerarsa. Ina zaune aka yi kiran. Lambar rajistar WhatsApp ɗinsa ce suke nema. Da ya karanta, da sun ƙwace masa shafin, sun shiga aika wa 'yan uwa da abokai cewa yana asibiti a taimaka. Wani abokinsa da suka shiga zauren tare ya karanta musu, kafin azahar an karɓi kuɗi a hannun yayarsa da ke aure a wani gari. Ku shiga saitin WhatsApp ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau, minti ɗaya ne, kuma kada ku karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarku ko da ya ce daga banki yake.

Ƙarfe biyun dare ya yi, ba a turo komai ba. Da asuba aka cire kowa daga zauren, layukan duk a kashe, shafin Facebook ya yi ɓatan dabo.

Ina roƙon ƙannenmu su tsaya su yi tunani a kan yadda jarrabawar kwamfuta take. Wanda ya zauna JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya ga cewa shi da na kusa da shi ba lallai tambayoyinsu su zo iri ɗaya ko a jere ɗaya ba, kuma ana shiga rukuni-rukuni, na safe daban na rana daban. To wace takarda guda ce wani zai sato ya sayar wa dubban mutane a kan 3,500? Kuma mai ikon sa sunanka a jerin waɗanda aka ɗauka, me zai kai shi bin ƙarƙashin labaran Facebook yana neman baƙi? Hukumomin nan da kansu, duk lokacin da suka buɗe ɗaukar aiki, suna nanata cewa kyauta ne, kada a ba kowa ko sisi, kuma adireshin yawancin shafukan gwamnatin tarayya yana ƙarewa da gov.ng. Na san abin da yake tura yaranmu. Mun ga ranar 15 ga Maris 2014, da matasa suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar nan don jarrabawar shiga aikin shige da fice, aka yi turmutsitsi, mutane suka rasa rayukansu. Ƙishirwar aikin ba ta ragu ba tun lokacin, kuma ita waɗannan mutane suke ci da ita. Ba na ganin laifin yaron da ya gama karatu shekara huɗu yana zaune, in ya ji an ce ga hanya ya miƙa hannu.

Ba kuma ina cewa duk mai sayar da littafin tambayoyin baya ɗan damfara ba ne. Akwai littattafai masu amfani a shagunan littattafai, musamman ga Turanci da lissafi. Amma ka riƙe shi a hannunka, ka duba shekarar bugu, ka buɗe ɓangaren masu riƙe da muƙamai ka gwada da abu uku da ka tabbatar. In ya faɗi a ɗaya, ajiye shi. Ba a cinikin biri a sama.

Shi wannan fanni kashi biyu ne, kuma na ga da yawa ba sa rarrabewa. Akwai abin da ba ya motsi: jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, jihohi 12 na Gowon a 1967, 19 na Murtala a 1976, shida na ƙarshe da Abacha ya ƙirƙira a 1996, fara amfani da naira a Janairun 1973, komawa Abuja ranar 12 ga Disambar 1991, Taiwo Akinkunmi da ya zana tuta. Yawancin wannan yana cikin littafin sanin gwamnati na sakandare da ke jibge a gidajenmu, kuma jadawalin farko na tsarin mulkin 1999 ya jero jihohi da manyan biranensu da ƙananan hukumominsu ɗaya bayan ɗaya. Sai abin da yake motsi, wato wa ke kan wace kujera, wace doka aka sa wa hannu, wace ƙasa ta shiga ko ta fita daga wace ƙungiya. Wannan ko ni na rubuta maka shi yau, bayan wata shida sai ka sake dubawa, har da sunayen da na ambata a sama. Maganinsa rediyo da jarida da littafin rubutu na naira ɗari biyu: labaran safe, labaran dare, ka rubuta suna da muƙami da kwanan wata, in an sauya mutum ka ja layi ka rubuta sabo a gefe. Mu Hausawa ma Allah Ya hore mana gidajen rediyo masu kawo labaran duniya da harshenmu fiye da yawancin maƙwabtanmu. Sannan ka buɗe shafin hukumar da kake nema ka karanta tarihinta, dokar da ta kafa ta, jerin muƙamanta da sunan shugabanta na yanzu, don da wuya a rasa tambaya daga nan.

Inna ta sani yanzu. Shi ya je ya faɗa mata da bakinsa, ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye shi ko mutumin da gaske ya rantse da Allah, ya ce e, ta daɗe ba ta ce komai ba. Yana biyan ta dubu biyar duk wata daga gyaran waya.

Shekaranjiya ya nuno min wayarsa. Tallar ta dawo a ƙarƙashin labarin wata hukumar daban da ta buɗe ɗaukar aiki: hoton mutumin nan mai kaki, sabon suna, sabuwar lamba, tambayoyi 500, yanzu naira 4,000, kuma farashin zai tashi da ƙarfe sha biyun dare. Mun kai ƙarar shafin. A lokacin da muka gani, mutum 31 sun riga sun ajiye lambobin wayarsu a ƙasa.